Rangajin Gogen Dattijo

"Ya isa haka," in ji sabon shugaban makaɗan fadar Faransa, ya ɗaga hannu.

Dattijon da ake gwadawa ya sauke gogensa. Shekara arba'in yana kiɗa irin na ƙasarsu: takardar da aka rubuta kiɗan ta nuna amo biyu tsawonsu ɗaya, shi kuwa ya ja na farko, ya gutsure na biyu, sai waƙa ta riƙa rangaji, masu rawa su bi ta. Da aka ce sabon shugaban daga Italiya zai zo, inda ake bin takarda sak, kuma zai sallami duk wanda bai yi masa ba, sai ya kulle kansa a ɗaki wata uku yana koyon bin takarda sak. Matarsa kan leƙo ta ce, "Maigida, kiɗa kake ko faskare?" Bai kula ta ba, har hannunsa ya miƙe, ya bar rangaji.

"Baba, ka iya karanta takardar kiɗa, ba laifi," in ji shugaban. "Amma masu irin wannan kiɗan burjik suke a garinmu. Ina saurayi na ji wani a fadar nan ya sa waƙar nan rangaji. Saboda shi na ƙetaro duwatsu. Ko ya rasu?"

Makaɗan duk suka waiwayo. Ɗayansu ya ce, "Ai ga shi gabanka, ranka ya daɗe."

"Kai ne? To, mu ji!"

Dattijon ya mayar da gogen ƙarƙashin haɓarsa, ya numfasa, ya ja. Amon ya fito a jere, kowanne daidai da ɗan'uwansa.