Gwajin Cikin Wakili

Wakili ya ture kwanon tuwo ya dafe ciki. Wata na huɗu ke nan yana haka, mutumin da a da shi kaɗai yake tashi da kwano biyu in ya dawo daga gonarsa ta Gayam. Matarsa Lydia ta ɗauke kwanon ta ajiye kusa da nata. Ita ma ba ta ci wani abin kirki ba.

Likita a Birnin Gwari ya ce wataƙila wata ƙwayar cuta ce mai kawo gyambon ciki, kuma gwajin bayan gida zai nuna. In an same ta, magani na sati biyu, a nan gida. In ba a same ta ba, sai Kaduna, a zura masa tiyo mai kyamara ta baki a duba.

Kaduna kuwa ta cikin daji ake zuwa. A wannan hanyar 'yan bindiga suka sauke ƙanen Lydia daga mota shekara uku da suka wuce, har yau ko takalminsa ba a gani ba.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, mai aikin ɗakin gwajin Loveth ce, matar ɗansu Jesse. Ina suruka za ta dubi tsabar idon uban mijinta ta yi masa zancen bayan gida? Sai ta ja Lydia gefe.

"Mama, gwajin nan cikin goma tara yana faɗin gaskiya. Amma dole Baba ya bar shan ƙwayoyin ciwon cikin nan da yake saya a kemis har sati biyu. In yana sha, cutar ɓuya take yi, sai gwaji ya ce babu." Ta miƙa mata 'yan kwalabe biyu, ko da ɗaya za ta lalace.

Wakili ya rantse ya bari. Ranar Asabar Lydia tana wanki ta zazzage aljihun rigarsa, fankon ƙwayoyi uku suka faɗo. Ta tsince su, ta jefa a murhu, ta ci gaba da wankinta.

Ranar kai kwalba aka sha daru.

"Ni da furfurata, matar ɗana ta buɗe wannan abu? Gara ciwon ya kashe ni!"

"Baban Jesse, ciwon ba ya jin kunyarka. Ungo, zagaya."

Ya zagaya yana gunaguni, ya dawo ya miƙa mata a ƙunshe cikin leda uku, fuskarsa na kallon katanga. Ita ma ta zagaya kafin ta hau babur, don hanya da nisa.

Washegari sakamako ya fito: akwai ƙwayar cutar. Ba zuwa Kaduna. Lydia ta zauna a bakin barandar asibiti ta ce, "Na gode, Yesu."

Ta tsare shi da magani safe da yamma har ya ƙare. Kafin a yanke dawa Wakili ya koma kwano biyu. Shi ke nan kuma ya zama likitan gari. A ƙofar coci, a kasuwa, duk wanda ya yi gyatsa sai ya tare shi.

"Je ka a gwada ka! Na'urar nan ba ta ƙarya. Cikina ta karanta tsaf, kamar ta shiga ta fito."

Wata rana ya tarar da Lydia ta saki muciya, ta duƙa ta riƙe ciki, gumi na zuba.

"Ke ma kin cika taurin kai, Maman Jesse. Ki je a gwada ki mana."

"To," ta ce.

Ba ta je ba. Me za ta je yi? Kwalbar Wakili tana can ƙasan masai tun ranar, da ledojinta uku. Wadda Loveth ta gwada da sunansa a jiki, ta Lydia ce.