Raket Biyu a Ruwais

Nuraddeen ya roƙi Ikilima, maƙwabciyarsu gwanar wasan fikilbol mai kama da tanis, ta raka shi wani shago a Ruwais ta zaɓa masa raket.

"Mai nauyin nan sai ƙarfi, ba za ka iya saita ƙwallo da ita ba," in ji ta. "Ɗauki matsakaiciyar."

Ya ɗauki biyu.

"Biyu kuma?"

"Gasar bayan Salla ta ma'aurata ce." Ya miƙa mata su. "Kawuna zai je wurin Abbanki ranar Juma'a, in kin yarda."

Ta karɓi ɗaya, ta daɗe tana jujjuya ta, sannan ta mayar.

Sai ta ciro mai nauyin, tana ɓoye murmushi da gefen mayafi.

"Wannan ce tawa. Kai ka tare, ni in doka. Yalla, maza kira Kawu."