Kwalba ta Goma Sha Uku

Labarin nan ruwaya biyu gare shi a sashenmu na kimiyyar sinadarai. Ta farko ita ce wadda ake yi a ɗakin shan shayin malamai, kuma kowace shekara sai ta ƙara ƙiba. Ta biyu na ji ta ne daga bakin Malam Barau Ƙaraye, wanda ya shekara ashirin da bakwai yana riƙe da makullin ɗakin gwaje-gwajenmu. Tasa na ɗauka, domin na gwada ta da littafin aikin ɗakin, na tarar ranaku da alƙaluma sun yi daidai. Ina rubuta maka ita, Malam Nafi'u, saboda tambayar da ka yi a makonka na farko da kama aiki: me ya sa ɗalibanmu ke ƙare zangon farko suna wankin kwalabe, kuma me ya sa duk mai zuwa ɗebo ruwan gwaji sai ya tafi da kwalba ɗaya ta tataccen ruwa, ya dawo da ita, a auna ta tare da sauran.

Wani mai bincike, haziƙi, mai tausayin jama'a, ya sami labarin wani ƙauye inda yara ke fama da ciwon ciki. Mutanen garin sun ɗora zargi a kan wani mai liƙin bokitai da tukwane, domin da dalma yake aiki, rumfarsa kuma taku ashirin ce daga rijiya. Baƙo ne a garin, da iyali bakwai. Mai gari ya yanke cewa in gwaji ya nuna dalma a ruwan, to, ya kwashe kayansa ya ƙara gaba. Mai binciken ya je ya ɗebo kwalba goma sha biyu, ya auna, kowace ta nuna dalma fiye da kima. Nan take ya rubuta wa mai gari takarda, ya kawo wa tsohon da ke kula da ɗakin gwaji don a buga mata hatimi. Tsohon ya leƙa akwatin, ya ga kwalba ta goma sha uku, wadda ba a taɓa murfinta ba.

"Dakta, ita wannan fa?"

"Baba, ruwan da muka tace da hannunmu ne. Me za a samu a ciki?"

"Ita ma ta sha rana a bayan mota kamar 'yan'uwanta. A ba ta haƙƙinta."

Aka auna ta, sai ga dalma a cikinta daidai da ta sauran, alhali ko a bakin rijiyar ba a buɗe ta ba. Da aka bi diddigi, aka gano cewa ɗalibai sun taɓa zuba ruwan dalma a kwalaben wajen darasi. Mai binciken, da yake hankalinsa na kan yaran, da sabulu kawai ya ɗauraye su, bai jiƙa su cikin asid ba kamar yadda ƙa'ida ta ce. Ya ajiye takardar ba hatimi. Bai yage shafin daga littafin aiki ba. Ya rubuta kuskurensa a ƙasan alƙaluman da jan biro, ya sa hannu. Sannan ya wanke wasu kwalabe yadda ya kamata, ya sake bin hanyar nan mai nisa. A wannan karon ba a sami dalma ba. Abin da aka samu ƙazanta ce mai tsatsafowa daga wani masai da aka haƙa a tudun rijiyar. Aka cike masan, aka yashe rijiyar, mai liƙi ya ci gaba da zama a rumfarsa. Mai binciken ya je har rumfar ya gaya masa abin da ya kusa jawo masa. Mutumin bai ɗago daga aikinsa ba, ya ce, "Allah Ya kyauta, malam. Ni ma bokitin da ban kankare ba, liƙi ba ya kama shi."

Ban ga mugunta a zuciyar mai binciken ba, kuma ba na so ka gan ta. Tausayi ne ya sa shi sauri. Amma da hatimin ya hau takardar nan, da an kori mutum da iyalinsa, yara kuma su ci gaba da shan ruwan da ke cutar da su.

Ranar da Malam Barau ya ba da wannan labari, cikin malaman sashenmu Dakta Uwani Sambo tana wurin, da Malam Tukur Bichi, da Malama Laraba Yohanna, da ni. A gabanmu ya ce Hausawa sun riga mu auna wannan tun babu ɗakin gwaji: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.