Gidan da Ba Sa Cin Kifi

A tsakiyar dam ɗin Tagwai, Baba Ndagi ya daina tuƙi. Tsado ya damƙe gefen kwalekwalen. An ce masa wannan tsohon masuncin ne kaɗai ya san tsibirin kakanninsa a kogin Neja.

"Ka ce gidanku ba ku cin kifi?"

"Eh, Baba. Kakana Gana ya ce al'adar sarakunan ruwa ce."

"Sarauta!" Tsohon ya tofar da yawu. "Kakan naka ɗan fito ne. Ya sha ya bugu, ya kifar da jirgi cike da 'yan biki, shi kaɗai ya tsira. Kifi ya ci mutanenmu. Shi ya sa aka kore shi, aka haramta wa zuriyarsa kifi. Uwata tana cikin jirgin."

Tsado ya dubi gaɓa. Ta yi nisa.

"Ka iya ruwa?"

"A'a, Baba."

Tsohon ya cusa hannu ƙarƙashin komar kamun kifi, inda wuƙarsa take. Ya zaro bandar kifi, ya miƙa masa.

"Ci. Haramcin ba ya tashi sai ɗan mamaci ya ciyar da ku da hannunsa. Ni kaɗai na rage, kuma na tsufa."