Yaɗon da Mai Lambu Ya Kawo Bakin Kogi

Tunda ka ce abin ƙarami ne, sai bayan girbi za ka waiwaye shi, bari in ba ka misalin wani mai lambu da ya zauna a bakin kogi. Ya je ganin 'yarsa a kudu, ya dawo da reshen wani tsiro mai yaɗo, mai kyawun fure, ya dasa a gindin rumfarsa don ya samu inuwa. Damina ɗaya ya rufe rumfar. A ta biyu ya haure darni, ya kama manyan ɓauren da saiwoyinsu ke riƙe da gaɓar kogin. Wani masunci da ke ɗaure kwalekwalensa a wurin ya ba shi shawara ya tumɓuke shi tun da wuri, domin ya lura ko akuya ba ta kai masa baki, kuma abin da dabba ta ƙi ci babu mai tare shi. Mai lambu ya ce, "Ciyawa ce fa, malam. Ranar da na ga dama, lauje ɗaya ya ishe ta."

Ranar ba ta zo da wuri ba, ga ban ruwa, ga kai albasa kasuwa. Yaɗon ya lulluɓe ɓauren har rana ta daina taɓa ganyensu, suka bushe a tsaye ɗaya bayan ɗaya. Tsuntsaye suka tashi. Kifin da ke ƙwai a ƙarƙashin saiwoyi ya ƙaura, masuncin ma ya kwance kwalekwalensa ya bi shi. Da kogi ya kawo a shekara ta biyar, gaɓar ba ta da abin riƙo, ta zabtare da rabin lambun har da rijiyar. Sai a lokacin ya ɗauki lauje. Ya sara ya zuba a ruwa, ashe duk guntun da ya tsaya a gaɓa sai ya yi saiwa, har maƙwabtansa na gangare suka daina amsa masa sallama. Yanzu ya tsufa, bayansa ya ranƙwafa. Kullum da safe yana sara, kafin ya kai ƙarshen darni farkon ya sake toho. Ya daina cewa zai gama, yana dai yi ne don kada abin ya shigo masa ɗaki.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.