Haƙoran Baba Ilu

Da aka kawo irin wake mai dafi, tsutsar cikin ƙwaya ta mutu da farko, sannan cikinta ya saba. Aka ƙara dafi, ya sake sabawa. Yanzu har ƙashi narkarwa take yi. Shi ya sa ba mai taɓa ɗanyen wake a kasuwa sai da safar hannu ta ƙarfe.

Tabawa ta raka mahaifinta, Baba Ilu, sayen iri. Tana cikin ciniki, tsohon ya yi abin da ya saba tun yana saurayi: ya ɗauki ƙwaya ya gatsa, ya ji ko ta bushe.

"Baba, tofar," ta ce a hankali.

Ya tofar. Ƙwayar da rami a ciki, amma ba tsutsa.

Mai waken ya busa usur. 'Yan sintiri suka kayar da tsohon, babbansu ya danne masa ƙirji da gwiwa, ya zaro filaya.

"Da wane haƙori ya gatsa?"

"Ban gani ba, ranka ya daɗe," in ji Tabawa.

"To, duk ɓangaren za mu cire. Riƙe kansa, ko mu ƙona shi da buhun."

Ta riƙe. Jini ya cika mata hannu. Yana kiran sunanta har ya kasa. Suka watsa haƙoran a wuta.

Ta goya shi, kuncinsa a jikin kunnenta. Cikin muƙamuƙinsa ta ji ƙus-ƙus, irin na rumbun da ƙwari suka shiga. A bakin ƙofar kasuwa ta dinga tari da ƙarfi, don kada masu gadi su ji.