Abin da Ya Riƙe Nazir a Lyon

"Ana cin wannan?" Hajiya Mardiya ta tambayi ɗanta Nazir.

"A'a, Inna. Orkide sunanta. Kallo kawai ake."

"Maganin me?"

"Ba ta maganin komai."

Ta ce, "To."

Jiya ta sauka Paris daga Damagaram, yau ta shigo jirgin ƙasa zuwa Lyon. Shekara biyar Nazir bai leƙa gida ba, kullum sai ya ce bincike kan wata shuka ne ya riƙe shi. Shi ne ta zo ta ga shukar da idonta.

A lambun da yake aiki, ya nuna mata furannin da suka fara fitowa bayan sanyi. Ya zagaya da ita ɗakin gilashin lambun sau biyu, amma ƙofar ƙarshe, da sun iso sai ya ƙara sauri.

Sai ga shugabarsa, wata Bafaranshiya. Tana murmushi ta buɗe ƙofar, wai maman ta ga shukar ɗanta.

Ga ta cikin tukunya, an kewaye ta da igiya, fitila na haska ta.

Hajiya ta daɗe tana kallo.

"Nazir, tumfafiya ce."

"Eh, Inna."

"Wadda ko akuya ba ta ci."

"Ita ce."

Ta ciro waya ta kira mijinta.

"Alhaji, kar a sare tumfafiyar bakin jujinmu. 'Yar uwarta na nan Faransa, an ba ta ɗaki da shofaj mai ɗumama ta, har da dokta mai ba ta ruwa."

Ta ɗan saurara.

"Wane dokta kuma? Ɗanka mana."